Tuwon Ƙofar Gida da Allurar Babbar Ruga

A babi na 25 na Bisharar Matiyu akwai wani bayani da duk Kirista mai zuwa majami'a ya sha ji. Ana siffanta ranar shari'a: an tara dukkan al'ummai, mai shari'a ya raba mutane gida biyu, na dama da na hagu, yadda makiyayi ke ware tumaki daga awaki. Abubuwan da aka raba su a kai guda shida ne, wato ciyar da mayunwaci, shayar da mai ƙishirwa, saukar da baƙo, tufatar da wanda ba shi da sutura, duba marar lafiya, da ziyartar ɗan kurkuku. Ba a ambaci kisan kai ko sata a laifin mutanen hagu ba. Laifinsu shi ne sun ga mabuƙaci sun wuce. Kuma dukkan ɓangarorin biyu mamaki suka yi, domin ba su san cewa abin da suka yi wa ƙasƙantaccen mutum, ko suka ƙi yi masa, mai shari'ar zai ɗauka shi aka yi wa ba.

Musulmin da ya zauna gaban malami ya ji wannan, zai ce ai ya san zancen. A cikin Sahihu Muslim akwai hadisin Ƙudusi da Abu Huraira ya ruwaito, inda Allah Maɗaukaki zai tuhumi ɗan Adam ranar alƙiyama a kan abu uku: rashin dubiya, hana abinci, da hana ruwa. Bawa zai yi mamaki yadda Ubangijin talikai zai buƙaci waɗannan, sai a nuna masa wane bawan Allah da ya kwanta ciwo bai je ba, da wane da ya roƙe shi abinci ya hana. Akwai wani abu a hadisin da ya kamata a tsaya a kansa. A wajen abinci da ruwa, abin da aka ce bawan ya rasa shi ne ladan da zai tarar a wurin Allah. A wajen marar lafiya kuwa, abin da ya rasa shi ne samun Allah a wurin majinyacin. Malamai sun daɗe suna jan hankali a kan wannan fifiko da aka ba dubiya.

Ni Musulmi ne ɗan ƙasar Daura, kuma ba na nufin haɗa aƙidun biyu su zama ɗaya, don ba ɗaya ba ne. Kirista ya yi imani cewa Yesu Almasihu ne zai zauna kan kursiyin shari'a, mu kuwa mun yi imani Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, bawan Allah ne kuma manzonsa, hisabi na Allah ne shi kaɗai. Su kansu Kiristoci sun yi ƙarnuka suna jayayya a kan matsayin aiki. Tun bayan da Martin Luther ya ta da ƙura a 1517, ɗarikun da suka biyo bayansa, har da ECWA da muka fi sani a nan, suna koyar da cewa ceto alherin Allah ne ta hanyar bangaskiya, ayyukan jinƙai kuma 'ya'yan itacen ne, ba kuɗin sayen aljanna ba. Katolika sun fi ƙarfafa cewa dole bangaskiya ta bayyana cikin aiki, suna kafa hujja da wasiƙar Yakubu. Sai a 1999, a birnin Augsburg na Jamus, wakilan Katolika da na Lutheran suka sa hannu kan takardar da ta rage wannan tazara. Mu ma an karantar da mu cewa ba wanda aikinsa kaɗai zai shigar da shi aljanna sai da rahamar Allah, tare da cewa akwai mizani kuma za a auna. Don haka a kan tambayar da za a yi wa mutum game da maƙwabcinsa mabuƙaci, littattafan sun yi kusa ƙwarai. Inda aka rabu shi ne abin da kowane ɓangare ya yi da wannan karatu a ƙasarmu.

A Daura, sadaka ta zama jinin jiki. Garin da tarihinsa ya faro da labarin mutanen da ba sa samun ruwan rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, ba sai an koya masa darajar shayarwa ba. Har yau za ka ga randa ko tulu a ƙofar gida an ajiye don mai wucewa. Da magariba almajiri zai tsaya a zaure da ƙoƙonsa, da wuya ya zaga gida biyar bai samu tuwo ba. Ranar Juma'a ana raba ƙosai da waina da fura. Da kaka manomin Baure ko Zango ko Sandamu da ya san addininsa zai ware dami ɗaya cikin goma na gero ko dawar da ruwan sama ya shayar, idan amfanin ya kai nisabi, mai noman rani kuma da ya sha wahalar ban ruwa ya ba da ɗaya cikin ashirin. Mai kuɗi da ɗan kasuwar Mai'aduwa suna da nasu lissafin, ɗaya cikin arba'in idan shekara ta zagayo. Ga zakkar fidda kai kafin a sauko idi, ga naman layya da ke shiga gidan da bai yanka ba. Idan aka yi rasuwa kuwa, ba a neman masu haƙa kabari ko masu ɗaukar makara, su ke kawo kansu. Binne mamaci shi ne aiki na bakwai da cocin Katolika ya ƙara a kan shidan nan na Matiyu, kuma a wannan fanni ban san mutanen da suka fi namu ba.

Ƙarfin wannan tsari shi ne faɗinsa. Ba shi da ofis, ba shi da takardar cikewa, ba ya jiran kuɗi daga waje. Matar da ba ta da ko sisi tana iya shiga cikinsa da ludayin koko ɗaya. Ya ratsa jihadi, ya ratsa zuwan Turawa, ya ratsa yunwar 1973 da ta 1984, bai mutu ba. Har masu lalura ya tanadar wa matsayi: garuruwan Hausa suna da sarkin makafi da sarkin kutare da sarkin guragu, masu shugabantar mutanensu, su sasanta rigima, su tsaya musu a gaban fada.

To amma a nan ne kuma rauninsa yake. Tsari ne da ya karɓi lalura a matsayin abin da ya zo ya zauna. Kuturu yana da rabonsa a ƙofar masallaci, ana jefa masa kwabo, ana yi masa addu'a, gobe ya dawo, jibi ya dawo, yatsunsa na ƙara guntulewa. Sadakar tana isa gare shi, hannun mai bayarwa bai taɓa jikinsa ba. Ba wanda ya tambayi inda yake kwana, balle wanda zai wanke masa gyambo. An raya shi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, sai dai an bar shi inda aka same shi.

Abin da 'yan mishan suka kawo ke nan da ya bambanta. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi alkawarin cewa gwamnati ba za ta taɓa addinin mutane ba, saboda haka aka daɗe ana hana masu wa'azin Kirista kafa tasha a cikin masarautun Musulmi. Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka faro a 1893, ta yi shekaru tana neman ƙofa. Kuturta ce ta buɗe mata. A ƙarshen shekarun 1930, da yardar sarakuna da hukumomin gargajiya, SIM ta karɓi ragamar wuraren jinyar kutare na larduna uku: Yadakunya a Kano, Amanawa a Sakkwato, da Babbar Ruga a bayan garin Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Tun 1934 an riga an cire Daura daga lardin Kano an haɗa ta da Katsina sun zama lardi ɗaya, lokacin Sarkin Daura Abdurrahman na kan gado. Wato Babbar Ruga ita ce gidan jinyar lardinmu.

Ya kamata a san yadda aikin yake a wancan zamani kafin a yanke masa hukunci. Tun 1873 likitan nan na Norway, Gerhard Hansen, ya gano ƙwayar cutar, amma maganin kirki bai samu ba sai bayan shekaru kusan saba'in. Abin da ake da shi a farkon Babbar Ruga shi ne allurar man wani itace daga ƙasar Indiya, mai zafi ƙwarai, ana yinta a kai a kai wata da watanni, sakamakon kuma ba tabbas. Sai a ƙarshen shekarun 1940 ƙwayar dapsone ta fito, kuma asibitin kutare na Uzuakoli a kudancin Nijeriya yana cikin wuraren da aka fara tabbatar da cewa ana iya shanta ta baki ta yi aiki. Kafin nan da bayan nan, mafi yawan aikin na hannu ne. Cutar tana kashe jijiyoyin ji, mutum ya taka ƙaya ko ya dafa tukunya mai zafi bai sani ba, ciwo ya ruɓe. Dole wani ya durƙusa kullum ya jiƙa ƙafar, ya kankare mataccen nama, ya ɗaure. Ma'aikatan jinya Turawa sun yi wannan, haka ma 'yan ƙasa da suka koya a hannunsu, da yawansu tsofaffin majinyata ne da suka warke suka zauna.

Ba daga sama wannan hali ya faɗo musu ba. Bisharar Markus ta ba da labarin yadda Yesu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu, a al'ummar da ke ƙyamar taɓa shi. A ƙarni na huɗu Basil, bishop na Kaisariya, ya gina wata unguwa guda ta jinya da masaukin matalauta, har da kutare. A 1889 Fada Damien ya rasu a tsibirin Molokai da cutar da ya ɗauka a wurin mutanen da ya je yi wa hidima. Wanda ya taso da waɗannan labarai, ya kuma yarda cewa a jikin majinyaci zai gamu da Ubangijinsa, ba abin mamaki ba ne ya baro Kanada ko Amurka ya zo ya zauna a dajin Katsina. Irin wannan niyya ce ta haifi asibitin ido na Kano a 1943, da asibitin Galmi a 1950, da na kutare a Danja kusa da Maraɗi a 1956. Iyayenmu da yawa sun sake ganin haske a asibitin idon nan na Kano, sun koma gida da Musuluncinsu. Wanda ya ƙi faɗin wannan bai yi adalci ba.

Sai dai shi ma adalci bai cika ba idan aka tsaya nan. SIM ba ta taɓa ɓoye cewa babban burinta shi ne mutane su karɓi bishara ba. Jinya hanya ce zuwa can. Mai bincike Shobana Shankar, a littafinta na 2014 kan asalin Kiristanci a arewacin Nijeriya, ta nuna yadda waɗannan wuraren jinya suka zama cikin manyan wuraren da Kiristocin Hausa na farko suka fito, da kuma yadda batun wa'azi da tarbiyyar yara ya riƙa jawo taƙaddama tsakanin mishan da hukuma. Ka ɗauki mutumin da danginsa suka gudu daga gare shi, ba shi da wata ƙofa sai wannan, kuma mai riƙe da allura shi ne mai riƙe da littafi. Ko ba a tilasta masa ba, yanayin da kansa yana da nauyi. Bisharar Matiyu ɗin da kanta ba ta sa sharaɗi a kan wanda za a duba ba, ba ta kuma ce a tambaye shi abin da ya yi imani da shi ba. Inda aka ɗaura taimako da fatan tuba, an rage wa koyarwar wani abu.

Mu ma kada mu yi saurin ɗaga murya a nan. Cikin kashi takwas na masu cin zakka da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, akwai waɗanda ake lallashin zukatansu. Wato mu ma mun san cewa alheri yana jan zuciya, kuma addini bai haramta hakan ba. Abin da addinan biyu suka haramta shi ne gori da riya. Suratul Baƙara ta yi kashedi cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka, hadisi kuma ya sa mai kyauta don a ce masa mai kyauta cikin mutum uku na farko da za a jefa wuta. Babi na 6 na Matiyu ya hana shelar sadaka, ya umarci a ɓoye ta. Yau buhun shinkafa ba ya fita sai da hoton mai bayarwa a jiki, a jera zawarawa a rana a ɗauke su a waya a watsa a Facebook. Wannan cuta ba ta bar masallaci ba, ba ta bar coci ba.

Rauni na biyu na aikin mishan shi ne tushensa yana waje. Kuɗin daga ƙetare yake zuwa, likitan ma haka. Da gwamnatocin soja suka karɓe asibitoci da makarantun mishan a shekarun 1970, gine-ginen sun zauna, amma ruhin da ke sa mutum ya durƙusa gaban gyambo ba a rubuta shi cikin takardar miƙa mulki. Tuwon ƙofar gida bai taɓa shiga wannan haɗari ba, tun da ba wanda zai iya karɓe shi da doka.

Idan aka ce in auna, zan ce namu ya fi yawan mutanen da yake kaiwa gare su, kuma ya fi daɗewa. Amma a kan abin da nassin kowane ɓangare ya fi nauyayawa, wato zuwa da ƙafa inda mai wahala yake, mutanen Babbar Ruga sun riga mu, kuma ina jin zafin faɗin haka. Abinci da ruwa da tufa ana iya aikawa da yaro. Dubiya da ziyarar ɗaurarre ba sa aikuwa. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, mun kuwa riƙe wannan ga dangi da abokai: in ɗan'uwa ya kwanta a asibiti, ɗakin ba ya ɗaukar masu dubiya. Wanda ba shi da kowa a gado na gaba, shi ne ba a waiwaya.

Kuma ba wai Musulunci bai san gina gidan jinya ba. Sarki Nuruddin ya gina asibitinsa a Dimashƙa a 1154, Sarki Ƙalawun ya gina na Alƙahira a 1284, dukkansu da waƙafi ake tafiyar da su, ana duba mai kuɗi da talaka. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Waƙafi shi ne hanyar da sadaka ke zama asibiti, ta daɗe bayan mai ita. A ƙasar Hausa mun fi karkata shi ga gina masallaci, har unguwa ɗaya ta tara masallatai kusa da kusa alhali ba ta da ɗakin shan magani. Jihar Katsina tana da hukumar zakka da waƙafi, masarautar Dutse kuma ta nuna cewa fada tana iya tattara zakkar hatsi da dabbobi ta hannun hakimai da dagatai ta raba da tsari. 'Yan agajin ƙungiyoyin addini da ke taimakon marasa galihu a asibitoci suna yin abin da ya dace, sai dai sun yi kaɗan.

Batun ɗaurarru ya fi komai nuna inda muka yi sake. A watan Oktoba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gidan da ake kira na gyaran tarbiyya a cikin garin Daura, suka fito da mutum 67, manya da yara, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a jiki. Iyaye ne suka kai su da hannunsu, yawanci saboda shaye-shaye ko ƙiriniya, da kyakkyawar niyya da kuma rashin wata mafita. Gidan ba a daji yake ba. Yana cikin garin da ake sallah biyar a jam'i, ake fitar da sadaka kowace Juma'a. Da ziyartar wanda aka tsare ta zama mana ibada kamar yadda ciyarwa ta zama, da wani ya shiga ya gani tun kafin abin ya kai haka.

Kiristocin ƙasar Daura a yau 'yan kaɗan ne, yawancinsu ma'aikata da 'yan kasuwa da jami'an tsaro da masu yi wa ƙasa hidima. Ba su da asibiti irin na da. Abin da ya rage a hannunsu shi ne ɗabi'ar: zumuntar mata ta shirya ta je dubiya, a tara baiko don gwauruwa, wasu su nemi izini su shiga gidan yari da sabulu da abinci. Su ma suna da nasu gyaran, domin sau da yawa taimakon ba ya wuce 'yan ikilisiya, kuma wa'azin arziki ya sa wasu majami'u sun fi maganar abin da za a samu a kan abin da za a bayar. A 2023 aka yanke sabuwar diyosis ta Katolika ta Katsina daga ta Sakkwato, aka naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan Malumfashi, bishop ɗinta na farko. Wannan ya nuna cewa Kiristan da za mu yi wannan magana da shi yanzu ba baƙo ba ne daga Kanada, ɗan gida ne mai jin karin maganarmu.

Aikin kuma yana nan bai ƙare ba. Nijeriya ta kai matakin da ake cewa an shawo kan kuturta a 1998, amma har yanzu ana samun sababbin masu ita kowace shekara. Maganin haɗaka da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayarwa kyauta tun 1995 yana warkar da ita cikin wata shida ko goma sha biyu, kuma in an fara da wuri ba yatsan da zai guntule. Matsalar ita ce mai farin tabo a fata yana ɓoyewa don tsoron a ƙyamace shi, sai wani ya je ya same shi ya raka shi asibiti. A gidajen yari kuwa, kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, wasu kuma an yanke musu tara ce suka kasa biya. A ƙarshen 2023 ma'aikatar harkokin cikin gida ta sanar da sakin mutum 4,068 bayan an tara naira miliyan 585 daga kamfanoni da masu hali an biya musu tara da diyya. In ka raba, abin da ya riƙe kowane ɗaya bai kai naira dubu 150 ba, kuɗin da bai kai na ragon layya mai kyau a kasuwar Mai'aduwa ba. Ko irin wannan tara tana shiga kason masu bashi a zakka, wannan na malamai ne su yanke, amma sadakar nafila tana iya biyanta ba tare da jiran fatawa ba. Daura tana da gidan yari, kuma kwamitin kowane masallacin Juma'a, ko dattawan kowace ikilisiya, suna iya zuwa wurin jami'an gidan su nemi sunayen waɗanda ƙaramar tara kaɗai ta hana komawa gida.